Injin da Ya Tambaye Ni Gidan 'Yata

Tun da na dawo matan zumunta na majami'armu suka dame ni, kowacce so take ta ji yadda Amurka take. Ni Amurka ban gan ta sosai ba, ɗaki na gani da asibiti. Hanya ce na gani, ita zan faɗa. Matar ɗana Habu ce ke rubutawa, na kuma ce mata kada ta gyara mini baki.

Abin da ya fitar da ni daga ƙauyenmu na bayan Bici, gero a tsaye, gyaɗa ba a cire ba, kira ne guda ɗaya. 'Yata ta fari, wadda ke aikin jinya a can, ciki ne da ita ya tsufa. Biyu sun zube mata a baya, na uku ya zo bai yi kuka ba. Wannan karon likitoci suka ce tiyata za a yi mata, suka sa ranar Alhamis. Ta kira ta ce, "Inna, tsoro nake ji. Ki zo." Shekararta talatin da shida, ko allura ba ta taɓa roƙona ba.

Mijinta ne ya sayi tikitin daga can, ta cikin waya. Ban ga mai sayarwa ba, ban ga tikitin ba. Habu ya miƙo mini wata tsohuwar wayar matarsa mai tsagaggiyar fuska, ya nuna mini wani hoto, ya ce, "Inna, wannan shi ne tikitin. Komai na nan ciki." Na ce to in na sayi akuya aka ba ni hotonta, me zan ɗaure a turke? Ya yi dariya, ya ce haka duniya ta koma.

Zangon farko filin jirgin Legas, ranar Talata da hantsi. Daga Kano Habu ne ya yi komai ya sa ni a jirgi, a nan kuwa ni kaɗai ce. Na shiga wani ɗaki da ya fi kasuwarmu faɗi, na nemi inda mai yanka tikiti yake zaune, kamar a tasha. Babu. Wasu injuna ne a jere, tsayinsu ya kai kafaɗata, kowanne da fuskar gilashi. Mutum zai zo ya tsaya gabansa, ya dangwala, ya dangwala, sai injin ya zaro harshen takarda, ya yage ya wuce. Ba gaisuwa, ba ciniki.

Na sami kujera na zauna, na sa jakata tsakanin ƙafafuna, na zuba ido. Ni mai kallo ce. A kasuwa in mai awo ya danne bakin kwano da babban yatsa, daga nesa nake gani. Amma na yi kallon nan har wuyana ya ƙage, ban gane komai ba. Wani ya dangwala sau uku ya samu, wata sau goma, wani ya cusa fasfonsa a wani rami. Mutum in zai cuce ka, idonsa yana faɗa maka. Wannan abin ba shi da ido.

Ina zaune sai na ji an ce, "Inna, barka da hutawa. Ya hanya?" Hausa tsantsa, ta gidanmu. Wani mutum ne, zai kai shekara arba'in, da riga mai tsabta da igiya rataye a wuya irin ta masu aiki a wurin, sai dai ya tura ƙarshenta cikin aljihu. Ya durƙusa har ƙasa. Ya ce shi ɗan Zakirai ne.

Ban yarda nan take ba. Na ce, "Bana ya ruwa a wajenku?"

Ya ce, "Ya yi jinkiri, Inna. Sai da muka yi shuka biyu."

Haka aka yi kuwa. Na ce, "Bayan noman firi me ake yi?"

Ya yi dariya. "Maimai mana, Inna. Jarrabawa kike mini?"

Na kalli hannunsa, lumus, bai san fartanya ba. Na ce a raina wataƙila ya daɗe a birni.

Muka je gaban injin. Ya ce in kawo fasfo. Na ce a'a, ka nuna mini ramin. Ni na sa da kaina, ina riƙe da kusurwarsa, don in injin ya ja in ja. Ya ce akwai wasu baƙaƙe shida a cikin hoton tikitin, sai an dangwala su. Na miƙa masa wayar. Ya duba, ya dangwala, injin ya yi ƙugi ya zaro takarda ɗaya.

Na ce, "An ce mini jirgi biyu zan hau."

Ya ce, "Ta biyun sai inda za a sauke ku. Akwai ɗan'uwan wannan injin a can, shi zai ba ki."

Ya kinkimi babbar jakata ya kai kan ma'auni, ya yi turanci da yarinyar da ke wurin, jakar ta bi wani bel ta shige rami. Na bi ta da ido har ta ɓace, don kanwa da yajin jego na ciki. Na juyo, na shafa lalitata tana nan, fasfo yana hannuna, takarda tana nan. Mutumin Zakirai ya ce, "Allah ya kiyaye hanya, Inna," ya shige cikin mutane. Har albarka na sa masa.

Sai da na isa inda ake zuba kaya a faranti a cire takalmi, wata ta kai hannu kunne tana kwatanta mini waya, sannan na laluba. Babu. Gaskiya zan faɗa, ban ji zafi sosai ba. Na ce tsohuwar waya ce, fuskarta ma a fashe, in na dawo na ba matar Habu haƙuri. Na tsare duk abin da na san dukiya ne. Ban san gidan 'yata a cikinta yake ba.

Jirgin nan ban san tsawon zaman da muka yi a cikinsa ba. An ba ni abinci a ɗan akwati, komai da rigarsa, ban san wanda ake ci da wanda ake goge hannu ba, na ci burodin kawai. Na leƙa taga ko zan ga gonaki, sai fari fat kamar an baza auduga. Na tuna ranar ce aka sa za a yi gayyar yankan geron Habu, na ce yanzu wa zai tsaya kan matan nan su dama fura yadda ya kamata.

Zango na biyu, ƙasar da aka sauke mu, an faɗa mini sunanta sau uku bai zauna ba. Gari ya waye dai, Laraba. Mutanen wurin ba baƙaƙe ba, ba kuma irin turawan da na sani ba. Na bi bayan waɗanda muka sauko tare, sai suka watse, wasu dama wasu hagu. Ƙasa ma tafiya take da kanta, na taka wani wuri ya ɗauke ni, na rungume ƙarfe ina kiran sunan Ubangiji. Na shiga banɗaki, famfo ba shi da abin murɗawa. Na tsaya ina kallonsa, wata ta zo ta miƙa hannu ruwa ya zubo, ta janye ya tsaya. Na miƙa nawa ya ƙi. Na fito ban wanke ido ba.

Na nuna wa wani mai kayan aiki takardata, ya nuna mini hanya da hannu. Can na same su, 'yan'uwan injin Legas, a jere.

Wannan karon ba wanda zan ba komai. Na jira wani ya gama, na matsa, na sa fasfo a ramin kamar yadda na koya. Fuskar ta canja, rubutu ya cika ta. Na ga kowa yana dangwala wani kore a gefen ƙasa, na dangwala. Ta sake canjawa. Na dangwala. Na fara jin ashe abin ba wuya. Sai ta kawo wasu ramuka farare, babu komai a ciki, na dangwala koren, ta yi ja. Na sake, ja. Na koma na kusa da shi, na ce ko wannan mai taurin kai ne. Shi ma a daidai wurin ya yi ja. Sai da na zagaya huɗu. Bakinsu ɗaya.

Wata yarinya mai ɗan ƙyalle a wuya ta zo, ta duba, ta yi mini magana mai tsawo. Na ce, "Amurka." Ta gyaɗa kai, ta sake nuna fararen ramukan. Na ce, "Amurka, wurin 'yata." Ta ja ni zuwa kanta, wani mai gemu ya karɓi fasfona, ya duba nasa injin, shi ma ya tambayi abin da ta tambaya. Ya zana ɗan gida a takarda, da rufi da ƙofa, ya tura mini biro. Na ce ko tambaya yake in ina da gida. Na ce ina da shi, ɗaki uku da rumbu biyu. Ya dafe goshi, ya miƙo mini fasfona, ya kira na bayana.

Na koma gefe na zauna a ƙasa, na jingina da bango. Ban yi kuka ba, ni ba na kuka a gaban mutane. Amma na yi magana ni kaɗai da ƙarfi, na ce, "Wai me kuke so ne? Ku faɗa da bakin mutane mana."

"Mma! Kai Hausa ne?"

Na ɗaga kai. Wata mata ce ƙatuwa, da mayafi ruwan goro da jakunkuna uku, za ta yi sa'ar 'yata ko ta ɗan girme ta. Na ce, "Ni mace ce, ba kai ba."

Ta ƙyalƙyale da dariya har jakunkunan na rawa. "Mma, ka yi haƙuri, mu Hausan Kumasi haka muke, mace da namiji duk ɗaya ne." Sunanta Adiza, 'yar Zangon Kumasi ce ta ƙasar Gana, gyaran gashi take yi a Amurka. Ta duba fasfona da takardata, ta ce ai jirginmu ɗaya. Ta ɗaga ni, muka koma gaban injin, ta dangwala har wurin da yake yin ja.

"Shi ke nan? Adireshi yake so. Gidan da za ka sauka, lamba da layi da gari. Amurka ba ya yarda mutum ya hau jirgi sai ya faɗa inda zai kwana."

Na ce, "Gidan 'yata."

"To ina ne?"

Na ce, "Habu ya ce komai na cikin waya."

"Ina wayan?"

Na faɗa mata. Ta riƙe haɓa. Ta ce lambar 'yar fa, na haddace? Ban haddace ba. Ta Habu? Ni hoton mutum nake dangwalawa ya yi ƙara, ban san lamba ba. Na ce ta sa nata gidan mana, tunda ita ma can za ta. Ta girgiza kai, ta ce in mun sauka za a ware mu, a tambaye ni wa na zo gani, in bakina ya saɓa da takarda a juyo da ni, ita kuma a sa mata ido. Ta kalli agogon bango ta ce saura kaɗan injin ya daina karɓar masu wannan jirgin. Na gaba da za a samu wuri, wataƙila sai jibi.

Jibi Juma'a. Na lissafa a yatsa sau biyu, bai canja ba.

Sai ta zaro wayarta. "Kar ka damu, Mma. Kowa yana cikin nan. Faɗa mini sunan yarinyan da sunan babansa, in nemo hotonsa, in kira shi yanzu-yanzu."

Na sunkuyar da kai ina gyara bakin zanena.

Matar Habu, rubuta wannan da kyau, don yaran yanzu ba su sani ba. A wurinmu uwa ba ta faɗar sunan ɗanta na fari. Ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, ba ta yi masa wasa, ba ta kallonsa ido cikin ido. Kunya ce, haka uwata ta yi wa yayana, haka tata uwar ta yi. Iyayenmu sun bar tsafi sun shiga majami'a, amma wannan ba su bar shi ba. Da aka yaye yarinyar nan, yayar mijina ta ɗauke ta zuwa Rimin Gado, ita ta raine ta, ita ta sa ta makaranta, ita ta aurar da ita, sai bara ta rasu. Ni "yarinyar Rimin Gado" nake ce mata. Sunan ubanta kuwa sunan mijina ne. Shekara arba'in da ɗaya muna tare har na rufe masa ido, bai taɓa jin sunansa a bakina ba. Yanzu ga baƙuwa, a tsakiyar kasuwar duniya, tana so in haɗa su biyun in furta lokaci guda.

Na ce, "Sunanta na cikin Littafi. Akwai wata mata da ta je rijiya..."

"Mma, ni Musulmi ne, ban san matan littafinku ba."

Na ce, "To na uban, irin sunan da ake sa wa yaron da ya biyo bayan 'ya'ya mata."

"Musa? Ibrahim? Alhasan?"

"A'a! Ke ba Bahaushiya ba ce?"

"Mma, mu a Kumasi yaro in ya zo, suna kawai muke sa masa." Ta buɗe fasfona ko za ta gani a ciki. Sunana ne da na ubana. Ta miƙo mini biro. "To rubuta, in bakinka ba zai iya ba."

Na kalli biron. Ban taɓa jin haushin rashin zuwa makaranta ba sai ranar.

Ta dube ni da kyau, dariyar ta tafi. "Tsaya. Ka manta sunan ɗiyanka ne, ko faɗa ne ba za ka faɗa ba?"

Na ce, "Ba a faɗa."

"Wa ya hana?"

Na lissafa su a raina. Uwata ta mutu, yayar mijina ta mutu, shi ma mijin nawa ya mutu. Duk waɗanda nake jin kunyarsu suna ƙasa. Amma harshena ya yi nauyi kamar an ɗora masa dutsen niƙa.

Adiza ta aje jakunkunanta a ƙasa. Ta ce, "Ni uwana ya mutu ina can ina kitso, takardana bai cika ba, ban zo ba. Ba zan bar ka a nan ba, amma wallahi in jirgin nan ya tashi ba mu, ni da kai za mu yi faɗa. Ba wanda ya san ka a nan. Dubi, wa ke jin Hausa? Wancan mai gajeren wando? Faɗa a kunnena."

Ta sunkuyo, ta ɗage mayafinta. Na duba dama, na duba hagu. Na rufe ido. Na ja gefen zanena na kare bakina.

Na faɗa. Muryar da ta fito ban san ta ba. Ba ta ji ba, sai da na sake. A nan ba zan maimaita ba, mai rubutun ta san su.

Ta dangwala, hotuna suka jero, mata iri-iri. Ta riƙa turawa da yatsa tana cewa, "Wannan? Wannan?" Na huɗu na ga goshin mijina da farar rigar asibiti. Ban taɓa kallon fuskar nan na daɗe haka ba. Na ce, "Ita ce."

Ta kira, ba a ɗauka ba. Ta yi rubutu, ta sake kira. A na uku aka ɗauka, suka yi turanci da sauri, sai na ji ihu daga cikin wayar. Ashe tun jiya suke kiran wayata a kashe, Habu ya ce ya sa ni a jirgin Kano, daga nan ba wanda ya san inda nake. Jininta ya hau, har an kwantar da ita a asibiti.

"Inna! Inna, kina ina? Wace ce wannan? Ya aka yi ta same ni?"

Adiza ta karɓe da Hausarta. "Uwanka ne ya ba ni sunanka."

Sai 'yata ta ce, "Inna ce ta faɗa? Da bakinta?"

Na ce, "Ke, ba surutu na kira ki ba. Faɗa wa matar nan inda gidanki yake, injin mutane na jira."

Adiza ta cika fararen ramukan, ta kama yatsana ta ɗora a kan koren. Injin ya yi ƙugi, ya zaro harshe. Ta fizge, ta rataya mini jakarta ɗaya, muka zuba da gudu, ni da ban yi gudu ba tun ranar da sa ya tsinke a gidanmu. Mu ne na ƙarshe da aka rufe ƙofa a bayanmu.

Zango na uku ba ni da abin faɗa da yawa. Mun daɗe a sama har ƙafafuna suka kumbura, amma da muka sauka wai har yanzu Laraba ce, rana ma ba ta faɗi ba. Wannan har yau ba wanda ya yi mini bayanin da na gamsu. Aka kira wani mai Hausa ta waya ya yi mini tafinta, aka buga hatimi. Adiza ta damƙa ni a hannun surukina, ta ce, "Ga Mma, ku riƙe shi da kyau, yana da taurin kai." Ban samu na ba ta ko ƙwayar gyaɗa ba, ta shige mota.

Surukina bai kai ni gida ba, asibiti muka wuce. Ya ce likitoci sun ce ba za a jira Alhamis ba, 'yata ce ta roƙe su su bari jirgin ya sauka. Muka same ta a kan gado mai taya, an sa mata hula, mata biyu na shirin tura ta. Fuskarta ta kumbura. Na tsaya daga wajen ƙafafunta, don ban san inda ake tsayawa ba. Ta miƙo hannu, na kama.

Ta ce, "Inna, kin faɗa wa baƙuwa. Ni ban taɓa ji ba."

Na ce, "Ki shiga ki fito tukuna."

Aka tura ta. Na zauna a wata kujera mai sanyi, surukina yana kai da kawowa har na ce masa ya zauna yana sa ni jiri. Ban iya addu'a mai tsawo ba, abu ɗaya na riƙa maimaitawa. Da aka daɗe, wata ta leƙo ta yi masa magana, ya durƙushe a wurin ya rufe fuska. Na kama kafaɗarsa na girgiza, na ce, "Yi mini Hausa!" Ya ce, "Mace ce, Inna. Tana kuka. Su biyun lafiya."

Sai da ta farfaɗo sosai aka bar mu muka shiga. Jaririyar na kwance a ƙirjinta, ja wur, da gashi cike da kai. Uwar ta zuba mini ido, tana jira.

Na ce wa surukina ya je ya nemo mini ruwan zafi. Ya ce akwai a nan cikin ɗakin. Na ce na waje nake so. Ya kalle ni, ya kalle ta, ya fita. Na bi bayansa na tura ƙofar sai da ta yi ƙara. Na ɗaga labule na duba ko akwai wani a bayansa. Sannan na dawo bakin gadon, na sunkuya daidai kunnen 'yata.